Kifin da Ba Shi da Kogi

A shekarata ta biyu a Dubai ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Al Quoz, tsakanin sito na tayoyi da shagon masu walda. Da sanyi ya shigo aka kawo mana ƙwan kifi cikin akwatin ƙanƙara. Shugabar makarantar ce ta ga ana yi a ƙasashen waje, ta ce mu ma sai mun yi: yara su reni kifi a aji, su koyi tausayin abin da ke cikin ruwa.

Tirawut ake ce wa kifin. Ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi ƙarara, irin wanda ke gangarowa daga duwatsu. Aka kafa mana tankin gilas a bayan aji, da injin sanyaya ruwa mai gurnani duk yini. Ƙwan kamar murjani, kowane da baƙaƙen ɗigo biyu, idanu ke nan. Nakan riga kowa zuwa don kawai in tsaya mu kalli juna.

Bahaushiya ɗaya ce a ajin, siririyar yarinya marar hayaniya. Mahaifinta ɗan Kano ne mai harkar kargo a Al Ras. A gaban mutane Mis take ce mini, in mun keɓe kuwa Anti.

Da ƙwan suka fashe, kowane yaro ya zaɓi kifinsa. Wani kifin kuwa ya fito da karkataccen baya. Ba ya iyo a miƙe, kewaye yake yi kamar mai neman abin da ya yar. Da 'yan'uwansa suka tasa sai suka fara gutsirar jelarsa. Yaran su kan manna hanci a gilas suna zuga manyan, "yalla, yalla," wato maza-maza, suna gardamar wane zai haɗiye shi. Yarinyar nan kuwa ta biyo ni bakin famfo.

"Anti, a ware shi mana."

"Ke kika zaɓe shi?"

"Babu wanda ya ɗauka ne."

Na raba masa kusurwa da ɗan yankin raga. Kullum ita ke marmasa masa abinci da yatsu biyu.

Littafin da ya zo tare da ƙwan yana da hoto a shafin ƙarshe: yara cikin rigunan sanyi, a tsugune bakin kogi, suna sakin kifinsu. Yaranmu sun haddace shafin nan. Da zafi ya fara leƙowa, aka ce za a mayar da injin sanyin ga masu shi, sai na je ofishin shugaba na ce mata a nan ba mu da kogi.

"Ga Creek can," in ji ta, tana nufin mashigin tekun da ya ratsa garin, idonta na kan waya.

"Ruwan gishiri ne, Madam, kuma da ɗumi. Mutuwa za su yi nan take. A nemi wanda ke da tanki mai sanyi a ba shi."

"Habibti, ƙawata, iyaye hoto suke jira. Wa zai leƙa ƙarƙashin ruwa? Khalas, magana ta ƙare."

Na yi ta neman mai karɓarsu, har shagunan sayar da kifin ado na shiga. Kowa ya ji sai da injin sanyi sai ya girgiza kai.

Ranar sakin muka tafi a bas zuwa bakin ruwa ta wajen Al Ras, kusa da inda abra, jiragen fito na katako, ke sauke mutane. Ƙamshin kayan yaji na tasowa daga shaguna. Kowane yaro da kofin roba da kifi ɗaya a ciki, iyaye a baya da wayoyi a sama. Shugaba ta yi jawabi kan amanar ruwa, sannan ta ɗaga hannu, yara suka tuntsurar da kofuna.

Kifayen suka yi ƙasa kamar allurai. Ba a jima ba suka fara tasowa, farin ciki a sama, baki na buɗewa yana rufewa. Fararen tsuntsayen teku da ke zaune kan rufin jirage suka gani. Suka sauko gaba ɗaya, suna ƙwace a bakin juna.

Na zaci yaran kuka za su yi. Dariya suka yi. Suna tsalle suna nuni, wannan na cewa nasa aka fara ɗauka, wancan na cewa nasa tsuntsu biyu suka raba. Iyaye suka bi tsuntsayen da waya. Shugaba ta tafa, ta ce ga ƙarin darasi kyauta.

Yarinyar nan ba ta zuba nata ba. Ta rufe bakin kofin da tafin hannu. Mahaifinta ya matso, waya a hannu ɗaya, makullin sito a ɗayan.

"Mamana, zuba mana. Kwantena na jirana."

Ta dube ni. "Anti, ki faɗa masa."

"Alhaji, in ta zuba mutuwa zai yi."

"To Malama, a gida ina zan sa shi? A firji kusa da kaza?" Ya yi dariya, ya leƙa kofin. "Wannan ma ai gurgu ne. Ko tsuntsun sai ya yi shawara. A kofin zai rayu?"

"A'a."

"To kin ji."

Ta ji. Ta buɗe gorar ruwanta, ta tsamo ƙanƙarar da mahaifiyarta ta saka mata, ta jefa a kofin. Alhaji ya kaɗa kai, ya ce 'yar nan taurin kan kakarta ta kwaso, ya amsa waya ya wuce.

A bas ta zauna kusa da ni, kofin a kan cinyarta. Sauran na bayanmu suna kwaikwayon kukan tsuntsaye. Ƙanƙarar ta yi ta ƙanƙancewa har ta zama kamar farce, sannan ta ɓace. Kifin ya ci gaba da kewayensa, a hankali, a hankali. Muna shiga layin sito-sito na Al Quoz ya kife.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Tsuntsu dai bai samu ba," in ji ta.

Ba ta ƙara ce mini Anti ba. Mis, kamar kowa.

Da aka dawo daga hutu na tarar an liƙa babban hoto a ƙofar makaranta: yara a jere bakin ruwa, kofuna a karkace, rana na walƙiya a kan ruwan da ke zuba. An yanke gefen da yarinyar take tsaye, don hannunta a kan kofi ya ɓata layin. A bayan ajina kuma an sake kafa tanki, injin na gurnani, sabbin idanu suna kallona.