Yarinyar da ta ƙi shiga ɗaki

Shekarar da ruwan marka ya yi mana ɓarna a cikin birni, ina aure a Limancin Kona, ina koyarwa a wata firamare ta wajen Ƙofar Doka. Ruwa ne aka kwana aka wuni ana yi, babu iska babu tsawa, zuba kawai, har kududdufan unguwa suka cika suka malalo cikin lunguna. Ginin ƙasa ya sha ya ƙoshi. Katangu suka riƙa kwantawa, ɗakuna suna zubewa. A layinmu kaɗai gidaje da dama sun rushe, an kuma yi rashin mutane, Allah ya jiƙansu.

Taimako ya zo, ba zan yi butulci ba. Attajirai sun aiko da masara da tabarmi, ɗaliban jami'a daga unguwar Kongo sun zo da shebur sun taya kwashe ƙasa. Amma kowa ta abinci da makwanci yake yi, babu mai waiwayar yara. Ni kuwa da nake wuni da su na ga abin da ya same su. Hadari na haɗowa aji zai kaure da kuka. Yaron da ya daɗe da barin fitsarin kwance ya koma yi. Sai na nemi izinin maigidana, na jawo wasu matan unguwa, muka riƙa tara yaran a tsakar gidanmu bayan la'asar. Ba wanda ya sa mu, ba wanda ya biya mu. Mu yi gaɗa, mu kwaɓa laka su gina ƙananan gidaje su rushe su sake ginawa, wanda ke son ya faɗi abin da ya gani mu saurare shi. Surukata ta ce na mai da mata gida kasuwa. Na ce Inna a yi haƙuri, kasuwar ta ɗan lokaci ce. Daga baya ita ke dafa musu gyaɗa.

Yawancinsu sun ware da sauri, yara ne. Ɗaya ce ta gagare mu, 'yar wani maɗinkin manyan riguna da ke bayan gidanmu, ba za ta wuce shekara bakwai ba. Tana ɗaki ɗaya da kakarta rufin ya rufto musu. Ita aka zaro ta da rai, tsohuwar kuwa sai gawa. Tun daga ranar yarinyar nan ta ƙi shiga ƙarƙashin kowane rufi. Ɗaki, zaure, rumfar girki, aji, duk ɗaya ne a wurinta. Ko fita daga gida ta ɓarakar katangar da ta faɗi take bi, don kada ta ratsa zaure. A filin tsakar gida take kwana, uwar na zaune a kanta da lema, ga damina ba ta ƙare ba. Tari ya kama ta, irin mai fitowa daga can cikin ƙirji.

An yi mata rubutu ta sha, an yi tofi. Uban, mutum mai sanyin hali, ranar da abin ya ishe shi ya sunkuce ta ya shigar da ita ɗaki da ƙarfi. Ta sandare a hannunsa, idanu suka kafe, sai da aka yayyafa mata ruwa. Bai ƙara gwadawa ba. Ni ma na yi nawa wayon, na ajiye alewa a bakin ƙofa, na ƙara wata ɗan ciki kaɗan. Ta ɗauki ta bakin ƙofar, ta dube ni sama da ƙasa, ta yi tafiyarta. Wallahi sai da na ji kunya.

Wata rana uwar ta same ni tana share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Malama, tarin nan shi zai kashe min ita. Na tsamo ta daga ƙasa, ga shi ruwa zai ɗauke ta ina kallo."

Amma akwai abin da na lura da shi a wajen gaɗa. Yarinyar ba ta magana sosai, ba ta dariya, sai dai da an ɗauko waƙa hannunta ba ya iya zama. Ko ƙwarya ce a kusa sai ta buga, kuma ba ta kuskuren kiɗa.

To, a lokacin magina sun gama ta da ɗakin da ya faɗi, an sa sabuwar azara an rufe. Siminti ya yi tsadar da maɗinki ba zai iya ba, don haka uwar ta ce daɓe za a yi. Wanda ya tashi a birni ya san yadda ake yinsa. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta na itace, suna bugun ƙasa suna waƙa har ta kwanta ta yi sumul. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, ita ke ba da waƙa a kowane daɓe, bakinta kuwa ko ni ina shakkarsa. Na je na durƙusa na gaishe ta.

Na ce, "Iya, alfarma na zo nema. A bar yarana su shiga daɓen nan, kuma a fara daga waje, daga dokin ƙofa, a riƙa shiga ciki."

Ta ce, "Ke 'yar boko, daɓen ma a littafi kika karanta shi? Ni daga ƙurya nake farawa in fito, tun ba a haifi uwarki ba."

Na ce, "Iya, uwata ma ta san ke ce gwana. Ba ɗakin nake ji ba, yarinyar nake ji."

Ta juya goro a baki. Can ta ce in ɗakin ya yi tudu da kwari, ni za ta kai ƙara wajen surukata. Na ce na ɗauka.

Ranar daɓe da hantsi gida ya cika. Na ja wa kowa kunne, kada wadda ta kira yarinyar, kada wadda ta kalle ta. Na ajiye wani ƙaramin madaɓi a ƙasa kusa da inda take rakuɓe, na yi kamar mantuwa na yi. Iya ta ɗauko waƙa, mata suka amsa, madaɓai suka sauka tim, tim, a filin da ke gaban ƙofa. Kai, muryar tsohuwar nan! Tana zambo tana habaici, ta taɓa wannan ta taɓa waccan, ni ma ta saka ni, wai malamar da ke riƙe madaɓi kamar alli. Mata suna shewa. Ban san sa'ad da yarinyar ta matso ba, sai ji na yi gwiwarta ta gogi tawa. Tana bugu, kanta a sunkuye, daidai da kowa.

Layi ya riƙa matsawa da gwiwa, kaɗan kaɗan. Muka hau dokin ƙofa. Muka wuce shi, inuwar ɗaki ta rufe mu, yarinya tana bugu. Iya kuwa, Allah ya saka mata, ta ƙi barin waƙar ta yanke, wannan na ƙarewa ta ɗora wata, gumi na zuba a wuyanta.

Sai da muka kai tsakiyar ɗaki yarinyar ta tsaya. Ta ɗaga kai ta ga azara a samanta. Madaɓin ya faɗi daga hannunta. Na hango uwar a bakin ƙofa ta toshe baki da hannu biyu. Iya ta daka wa matan harara, suka ci gaba da amshi.

Yarinyar ta riƙe min gefen zane. Ta ce, "Malama, wannan ma zai faɗo?"

Matar da ke gefena ta yi saurin cewa, "Haba, ba zai taɓa faɗowa ba." Na zungure ta da gwiwar hannu. Yarinyar da ta ga rufi ya kashe kakarta, ita za a yi wa wannan zancen?

Na ce, "Sabo ne, kuma magini ya hau kansa ya yi tsalle a gabana. Sauran sani yana wurin Allah. Amma kin gan ni nan a ƙarƙashinsa, ga Iya, ga ƙawayenki. In kina so ki fita, ga ƙofa can a buɗe, ni da kaina zan raka ki."

Ta dubi ƙofar. Ta daɗe tana dubanta. Ni kuwa na ƙudurta a raina ko ta fita ba zan ce uffan ba. Sai ta saki zanena, ta sunkuya ta ɗauki madaɓinta, ta ci gaba da bugu tana kuka. Haka muka kai ƙurya, tana kuka tana bugu, babu wanda ya ce mata yi shiru.

Na koyar da yara har na yi ritaya, wasunsu sun zama manyan mutane, kuma ina jin daɗin hakan. Amma in aka tambaye ni aikin da na fi alfahari da shi, wannan ne, ba na ɓoyewa. Ba a rana ɗaya yarinyar ta warke ba, ta ɗau lokaci tana kwana a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Tarin dai ya tafi.

Da daɓen ya bushe aka shafe shi da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, uwar ta aiko in zo in gani. Na cire takalmi zan shiga, sai ga yarinyar zaune a tsakiyar ɗaki tana tsefe wa ƙanwarta kai, ana yayyafi a waje. Ta ɗago ta ce, "Malama, ki goge ƙafarki tukuna, kada ki ɓata mana daɓe."

Na koma na goge.