Yatsun Hagu na Malam Garba

Ban taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, cikin damina, da na bar marasa lafiya jere a kan benci na tafi Sabon Gari neman wani tsoho. Ku da kuka zo aikin nan kwanan nan kuna ce mini Hajiya Asabe sarkin tambaya, har kuna kwaikwayona in na juya baya. Ina jin ku sarai. To, ku zauna ku ji inda na samo halin.

Lokacin na yi shekara goma sha ɗaya ina aiki a sashen gashin ƙashi na asibitin nan namu na Samaru, kuma ni ce babba a ɗakin. Ga wanda bai san aikin ba, kafin likitan ƙashi ya yanke shawarar yi wa hannu tiyata, sai ya turo mana mai hannun. Mu ne za mu auna yadda kowace gaɓa ke lanƙwasuwa, mu gwada ƙarfin damƙa, mu cika fom. A ƙasan fom ɗin akwai layi ɗaya da ke tambayar aikin da mutum ke yi da wannan hannu. Da abin da muka rubuta a nan likita ke zaɓar hanyar da zai bi.

Ranar Litinin ta wannan makon aka turo mana Malam Garba. Dattijo ne mai shekara sittin da bakwai, ya yi ritaya daga aikin gwajin ƙasar noma, fari tas da shi daga hula har takalmi. Amosanin gaɓɓai ya kama masa hannu biyu, amma ya fi cin hagu. Gaɓoɓin tsakiya na manuni da ɗan tsakiya sun kumbura sun karkace, ko taɓawa ka yi sai ya runtse ido. Babban ɗansa Nasiru ne ya kawo shi, ya tsaya a kansa riƙe da katin asibiti.

Na ce, “Baba, da wane hannu kake ci, kake rubutu?”

Ya ce, “Dama.”

“Hagun fa, me kake yi da shi?”

Kafin ya buɗe baki Nasiru ya yi dariya ya ce, “Haba Hajiya, hagu kuma? In ban da buta me Baba zai riƙe da shi? Hutawa yake yi.”

Na dubi tsohon, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ga mutum goma sha suna jirana a waje, sai na zaro biro na rubuta: hagu ne, ba ya wani aiki da shi. Wallahi ko ɗar ban ji ba. Duk mun taso an hana mu karɓa da hagu, an hana mu miƙawa da hagu, sai ya zauna mana a kai cewa hannun banza ne.

Hanya biyu ce a gaban likita. Ko a ci gaba da allura da gashi da motsa yatsu, ciwon yana tafiya yana dawowa, ko kuma a ɗaure gaɓoɓin biyu da ƙarfe su haɗe. In an ɗaure, ciwo ya tafi ke nan, amma yatsun ba za su sake lanƙwasuwa ba har abada. Da likita ya karanta abin da na rubuta, ya zaɓi ɗaurewa, ya sa shi ranar Alhamis da safe.

Abin da ya hana ni sakat shi ne wani abu da na ji lokacin awo. Kan yatsunsa huɗu na hagu duk kanta ce, tauri kamar fatar ganga, alhali na dama laushi luɓus. Mutumin da ke hutawa, ina ya samo kanta? Na yi Talata abin yana cina, na sa gishiri sau biyu a miya. Ranar Laraba da hantsi muna wanke hannu da abokiyar aikina Sista Rifkatu, na ce mata, “Ke, wane aiki ne ke sa kanta a kan yatsun hagu kaɗai?”

Ta ce, “Ai hannun maigidana ke nan. Jita yake kaɗawa a coci. Hagu ke danne tsirkiya, dama kaɗawa kawai take yi.”

Ko hannun ban goge ba na nufi ofishin likita. Na ce, “Ranka ya daɗe, ina jin na yi kuskure a fom ɗin Malam Garba.”

Ya cire tabarau ya dube ni. “Kina ji, ko kin tabbata? Ke kika rubuta, kika sa hannu. Ba zan soke aiki a kan zato ba. Ƙarfe huɗu ake rufe jerin masu tiyatar gobe. In akwai magana, daga bakin mai hannun nake son ji.”

Lambar wayar da ke kan katin ta Nasiru ce. In tsohon ɓoye abin yake yi, na kira ɗan na tona masa asiri ke nan. Na damƙa wa Rifkatu ɗakin, na ja mayafi na bi adireshin gidan. Matarsa ta leƙo ta ce ya tafi Sabon Gari kai gyaran rediyo wurin wani Baba Yohanna, bayan kasuwa, kuma kowace Laraba can yake zuwa.

Na tari a-daidaita. A Kwangila muka tarar da cunkoso, ga yayyafi, ga direba yana ta tsayawa neman cikon fasinja. Na ce masa in bai ja ba ni zan sauka in tura. Na duba agogo ya fi sau ashirin. A Sabon Gari na shiga layi na fita layi, ina tsallake kwata, ina tambayar masu shaguna, har wata mai sayar da kifi ta nuna mini wani lungu. Tun kafin in ga shagon na ji kiɗan.

Ban san kiɗan nan na ƙasar waje da ake kira jaz ba sai ranar. A bayan shagon, tsakanin matattun rediyoyi, tsofaffi biyu na zaune a kan benci, kowa da jitarsa. Baba Yohanna, wani siririn tsoho mai furfura, yana riƙe da amo a ƙasa-ƙasa. Malam Garba ya ajiye hula a gefe, yana bin wani karin waƙa, ya bar shi ya yi nisa, ya zagayo ya same shi, ɗayan ya amsa masa. Ga roba da ruwan zafi a gabansa. In ya yi minti biyu sai ya tsoma hannun, ya ciji leɓe, ya koma. Na ga yadda yake buɗe yatsun nan huɗu a kan wuyan jitar, kowanne a lanƙwashe, gumi na zuba masa saboda zafi. Yatsun da na rubuta ba sa aikin komai ke nan.

Da ya gan ni, ya yi wuf ya lalubi hularsa. “’Yata, lafiya?”

Na ce, “Ina fa lafiya! Baba, ka san abin da za a yi maka gobe? Yatsun nan biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba.”

Ya ce, “Na sani. Likita ya yi bayani, na gane. Sallama na zo yi da jitar yau.”

Nan fa raina ya ɓaci, na manta da dattijo nake magana. “Ka sani, kuma ka yi shiru? Ka bar ni na rubuta ƙarya da hannuna?”

Ya ce, “A gaban Nasiru? Ni da nake sahun farko a masallaci, ni ake kira sulhu a unguwa, in ce wa ɗan cikina da tsufana jita nake kaɗawa? Bakina ya ƙi buɗuwa, ’yata.”

Baba Yohanna ya ce, “Faɗa masa, Sista. Tun safe nake fama da shi. Shekara biyar da suka wuce ya kawo rediyo, ya ji ina kaɗawa, ya ƙi tafiya. Ni a otal na yi kiɗa da ƙuruciyata, ban taɓa ganin mai naci irinsa ba. Na sa masa tsirkiya masu laushi, na koya masa kamun da yatsa uku ma ya isa. Amma da sandararrun yatsu biyu, sai dai a rataye ta.”

Malam Garba ya dube ni. “In an fasa, ciwon zai tafi?”

Na ce, “Ba zai tafi ba. Za mu rage shi ne kawai.”

“Har yaushe zan iya kaɗawa?”

“Ban sani ba, Baba. Wataƙila shekara, wataƙila fiye, wataƙila ƙasa. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Kuma likita ba zai fasa ba sai ka faɗa da bakinka, Nasiru kuwa dole ya ji dalili.”

Ya kama murza gaɓar. Na ce ya taso mu tafi, ya ce in je, zai yi tunani. Na roƙa, na yi faɗa, ya ƙi motsi. Haka na koma hannu rabbana, huɗu ta wuce, sunansa yana cikin jerin.

Alhamis tun bakwai ina bakin ofishin likita, na kasa zama. Sai ga su. Nasiru a gaba, tsohon a baya rungume da wani dogon abu a cikin buhun shinkafa. Ya shiga, ya zare jitar, ya ɗora a kan teburin likita. Bai dubi ɗansa ba ya ce, “Likita, aikin da nake yi da hagu ke nan. Ina roƙo a bar mini yatsuna.”

Nasiru ya dafe kai. “Baba, wai tiyatar hana ka kaɗawa za ta yi? Ni na zaci in ciwon ya tafi za ka fi jin daɗinta!”

Tsohon ya juyo. “Ka sani?”

“Baba, wane rediyo ake gyarawa shekara biyar? Sau biyu ina bin ka har lungun, in tsaya a waje in saurara. Duk gidan an sani. Kunyarka muke ji, shi ya sa na rufe maka a gaban Hajiya.”

Malam Garba ya zauna a kujera ya rufe fuska da hula. Ni ma na juya ina gyara mayafin da bai karkace ba. Likita ya ja layi a kan sunan, sannan ya miƙo mini fom ɗin ya ce in gyara, in rubuta dalili, in sa hannu a ƙarƙashin kuskurena. Na rubuta, ban ji daɗi ba, amma na cancanta.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu sukan zo da rakiya, kuma mai rakiya yakan amsa don ya kare mutuncin wanda ya kawo, ba don ya cuce shi ba. Shi ya sa kuke ganin ina fitar da kowa waje, ko ɗa ne ko miji, in rufe ƙofa, in sake tambaya. Kuma na daina raina hagu.

Kada ku zaci labarin ya ƙare da daɗi. Har yanzu yana zuwa gashi duk bayan mako biyu, ciwon kuma gaba yake yi. Wani lokaci in na ga yadda yake shan wahala sai in tambayi kaina ko na kyauta masa. Zuwansa na ƙarshe na kasa daurewa na ce, “Baba, ko a koma maganar tiyatar nan?”

Ya ɗaga hannun daga ruwan zafi ya dube shi. Ya ce, “Jiya Nasiru ne ya ɓalla mini maɓallin riga, na kasa. Amma na kaɗa minti goma. A bar su tukuna.”