Don Fulvio da Kantar Gahawa

A unguwar masunta ta Pozzuoli babu wanda bai san Don Fulvio Scotto ba. Tun yana saurayi yake gyaran kwale-kwale a bakin teku, har kansa ya yi fari fat. Mutum ne mai ƙarancin magana da saurin fushi, amma in ya haɗa katako biyu, ruwa sai dai ya nemi wata hanya. Matarsa Assunta ta rasu ta bar shi shi kaɗai a saman bene. 'Yarsu tilo, Nunzia, tana aikin jinya can a Milano.

Ana nan sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun dama ne ya ƙi. Yana ɗan motsi, amma ko allura ka soka masa ba ya ji.

Ranar da ya kifar da butar gahawa a kan murhun gas har labule ya kusa kamawa, Nunzia ta hawo jirgin ƙasa ta zo. Ta sa aka cire gas ɗin, ta danna wa akwatin kayan aikinsa kwado, ta sayo masa injin gahawa irin wanda ake jefa wa ɗan rufaffen ƙwanso mai garin gahawa a ciki a danna.

"Baba, sau ɗaya ya rage," in ji ta, tana ɗaure jaka. "Ka sake faɗuwa ko ka ji ciwo, Milano za mu."

"Garin da babu teku? Gara ki kai ni kusa da uwarki."

"Kar ka ƙara yi min wannan maganar. Ƙarshen wata ina nan tafe."

Matsalar ita ce 'yan ƙwanson nan. Iri biyu ne: mai ƙarfi, wanda likita ya ce da safe kaɗai, da marar ƙarfi na sauran yini. Duk suna cikin leda ɗaya. In ya zura hannun hagu yana lalube, ledar ta kife, su bazu a ƙasa suna gangarawa. Wata safiya ya taka ɗaya. Ƙafarsa ta tafi, Allah ya sa ya cafki bakin tebur. Ya daɗe a zaune, yana sauraron ko an ji daga ƙasa.

A baranda akwai wani tsohon murfin taga na katako, mai siraran katakai a jere. Fulvio ya ƙura masa ido. In aka jera su a tsaye, aka bar rata daidai wuyan ƙwanso, kowane zai zura ya zauna, baki a maƙale. Layi ɗaya na safe, layi biyu na yini. Kanta ta samu ke nan, ko sisi ba zai kashe ba.

Kwadon bai taɓa ba. Ta baya ya bi, ya kwance ƙusoshin murfin akwatin da bakin wuƙa.

Kwana da kwanaki yana abu ɗaya. Zarto a hannun hagu kamar baƙo ne, sai karkacewa yake. Yakan ɗora mataccen hannun a kan katako ya danne da nauyin jikinsa, ya ja a hankali, ya tsaya, ya kasa kunne. A ƙasansa Donna Titina take, gwauruwa mai sayar da soyayyen kifi, wadda ke da lambar Nunzia da kunne kamar na zomo.

Ana jibi Nunzia za ta zo, yana yankan na ƙarshe, sai ya ga katakon ya yi ja. Ya tsaya yana mamakin inda fenti ya fito. Sai da ya ɗaga hannun dama ya ga tafin a tsage, jini na bin gwiwar hannu yana ɗiga a ƙasa. Bai ji komai ba. Wannan rashin jin shi ya fi ba shi tsoro.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Don Fu'! Ɓera ne ke cin gidanka ko kai ne?"

Donna Titina ce. Ta turo da nata makullin. Tana ganinsa ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah! Tsohon banza, kashe kanka za ka yi?"

Ta fizgi tawul ta naɗe hannun, ta ɗaure tam, tana zaginsa ba tsayawa. Da jinin ya lafa sai ta zaro waya.

"Titi', ajiye."

"In ajiye? In ka mutu ni za a tambaya!"

"In kin kira ta, gobe ba na gidan nan. Wa zai riƙa ce miki kifinki ya yi gishiri?"

Ta dube shi, ta dubi katakon. Yatsanta na kan wayar.

"Me ma kake yi haka?"

"Riƙe min nan ki gani."

Ta yi tsaki mai tsawo, ta jefa wayar a aljihu. Ita ta riƙe, shi ya buga ƙusa, tana rufe ido duk sanda gudumar ta sauko. Bayan nan ta ja shi har wajen likitan unguwa aka ɗinke hannun.

Ranar Lahadi Nunzia ta iso. Bai ɓoye hannun ba, a kan tebur ya ɗora shi. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ba ta ko gaishe shi ba. Ta zo ta kwance bandejin, ta duba ɗinkin kamar ba mahaifinta ba.

"Da me?"

"Zarto."

"Na kulle akwatin."

"Kin kulle gabansa."

"Haɗa kayanka, Baba."

Muryarta ba ta tashi ba, shi ya sa ya san da gaske take. Ya miƙe a hankali, ya nufi kicin, tana biye da shi. Kantar na jingine a bango, 'yan ƙwanso jere reras. Ba tare da ya duba ba ya zaro ɗaya da hagu, ya jefa a inji, ya danna. Ko ɗigo bai zuba ba. Ya tura mata kofin.

"Na taka ɗaya na kusa karyewa," ya ce. "Ban gaya miki ba. Abin da na iya na yi, 'yata. In kin kai ni can, kujera kawai zan zama."

Nunzia ta juya masa baya, ta daɗe tana shafa katakon da ɗan yatsa. Da ta juyo idonta ya yi ja.

"A karkace take."

"Bangon ne a karkace."

Ba ta koma ran nan ba. Ita da kanta ta kafe kantar a bango, suna musu kan tsayinta. Ta samo wata mata da za ta riƙa zuwa kowace safiya, ta ce in ya kore ta, magana ta ƙare. Zarton kuwa ta sa a jakarta ta tafi da shi.

Fulvio bai je Milano ba. Ya ƙara shekaru a gidansa, kullum cikin faɗa da mai zuwa da safen, wadda ya ce ba ta iya shara ba, amma ko sau ɗaya bai yi gigin korarta ba.