Ranar da Sara-Ɗaya Ya Ɗora Wuƙa a Cinyarsa

Sara-Ɗaya mahauci ne, kuma kaf layin masu nama ba wanda bai san dalilin sunan ba. Ƙashin bijimi komai kaurinsa, sara ɗaya yake masa ya rabe biyu. Tun yana shekara goma sha biyu yake riƙe da wuƙa a rumfar babansu. Ga zuciya kamar fetur. Ya taɓa ɗaga wani direba ya tsoma shi a durom ɗin wanke hanji, don kawai ya ce sikelinsa na ha'inci. Mutum ɗaya yake shakka a duniya, yayarsa mai sayar da gawayi a bakin kasuwa. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, kuma har yau Auta take ce masa, da gemunsa da komai.

Ciwon daji ne ya kashe babansu, na hanta. Sai da ya gama cin jiki aka kai shi asibiti, kwana tara ya yi. Tun daga nan Sara-Ɗaya ya ce shi da asibiti haihata-haihata.

Kwatsam sai ƙullutu ya fito masa a cinyar hagu. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, sai girma. Wata huɗu ya kai ƙwan kaza. Mai kemis ya latsa, ya ɓata fuska, ya ce a je a duba, kar ya zama irin na Baba.

Shi kuwa ya yi lissafinsa na mahauta. Kullum yana fiɗa, ya sha ganin ƙullutu a jikin dabba. In wuri ɗaya yake, ka zagaye shi da wuƙa ka jefa wa kare, sauran nama lafiya lau. In ya kai hanta da huhu, dabbar duka ta tashi aiki. To me zai jira?

Ranar Talata da hantsi ya rufe rumfa ya koma gida. Ya wasa wuƙar fiɗa, ya tafasa ruwan gishiri, ya ɗaure saman cinyar da igiya tamau, ya danna sakata. Matarsa ta leƙa ta taga, ta kwasa da gudu kasuwa ba ko takalmi.

Yaya ta zo da shebur ɗin gawayi a hannu.

"Auta, buɗe ƙofar nan!"

"Yaya, ki koma. Minti biyar na gama."

"Ka gama uban wa?"

Duka uku ta yi wa ƙofar, sakata ta yi tsalle. Ya riga ya tsaga fata, jini na bin ƙaurinsa har ƙasa. Ta maka masa shebur a hannu, wuƙa ta faɗa ƙarƙashin gado. Ya yi ruf da ciki zai ɗauko, ta faɗa a bayansa da duk nauyinta. Ya kai mata gwiwar hannu a baki, haƙorinta ɗaya ya fita fit. Wallahi ko tofarwa ba ta tsaya yi ba, ta gartsa masa cizo a kunne. Tukunya ta kife, madubi ya tarwatse, suka yi ta birgima cikin jini da ruwan gishiri. Sai da maƙwabta, wani tela da wani mai walda da wasu maza biyu, suka danne shi, suka ɗaure shi da igiyarsa, suka ɗora a baro. Har ƙofar asibiti yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya, amma bai zagi Yaya ba.

Likitar wata 'yar mitsitsiya ce mai tabarau. Ta ɗinke wurin yana kuwwa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, ka yi sa'a a fata ka tsaya. Da ka fasa ƙullutun, in daji ne, da ka yaɗa shi cikin naman da ke gefe."

"Likita, ni za ki koya wa yanka?"

"Yankan matacce ka iya. Yi min shiru."

Ya yi shiru kuwa! Ta ce daji kala-kala ne, akwai na jini, na ƙashi, na fata, na tsoka, na kayan ciki, kowanne da maganinsa. Kuma hawa huɗu ne. Na ɗaya ƙarami ne a wurinsa. Na biyu ya girma amma bai bar gida ba. Na uku ya fara cin maƙwabta. Na huɗu ya yi nisa.

"Irin na Baba kenan," in ji shi.

"Wataƙila. Naka sai mun gani."

Aka tsakuri ɗan naman ƙullutun da allura, aka ɗauki hoton ƙirji da ciki. Kwana goma ana jira. A kwanakin nan ya naushi bango har yatsunsa suka kumbura, ya karya benci, 'ya'yansa suka koma kwana gidan Yaya.

Ranar sakamako ya ƙi zama. Likita ta buɗe takarda.

"Daji ne, na tsoka. Hawa na biyu."

"Hanta fa?"

"Lafiya lau."

"Huhu?"

"Fes."

Ƙaton nan sai ya sulale ƙasa, ya rungume ƙafar tebur yana kuka wiwi. Yaya ta kurma ihu, ta ɗirka masa dundu har ya ƙware, ta rungume likita ta bar mata baƙin gawayi a farar riga. Sai da mai gadi ya shigo da kulki, yana zaton kisa ake.

Aka kawo takardar yarda da aikin tiyata. Ya dangwala yatsa da kansa, ba wanda ya riƙe shi. Ana tura shi a gado ya kamo hannun likita.

"Ki zagaye shi da faɗi, kar ki ji tausayin naman. Ina da shi da yawa."

Da faɗi ta zagaye. Bayan mako biyu aka ce gefen naman da aka cire tsaf yake, ba abin da ya saura.