Gorar Zamzam ɗin Gwaggo

A gidanmu na Ƙofar Taramniya akwai wata gora ta roba da ba ta taɓa ƙarewa. Zamzam ne Baba ya zo da shi daga hajjinsa tun ina goye. Yayarsa, Gwaggo, ita ke riƙe da ita, kuma duk sanda ruwan ya yi ƙasa sai ta ƙara na randa, wai albarka ba ta tsinkewa. Mai ciwon kai a shafa masa, mai naƙuda a ba ta ta kurɓa. Ni ma na sha, ba adadi.

Baba malami ne, a zaure yake ba da karatu. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman nan shi ne jarinsa, shi ma yanar ido ta rufe shi har aka kai ga yi masa aiki a asibiti. Ranar da aka cire bandeji ya karanta mana rubutun jikin kalanda yana dariya kamar yaro.

Lokacin ina jami'a, ina karatun ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. A ɗakin gwaji kiwonsu muke yi. Mu dafa musu abinci, mu zuba a ɗan farantin gilashi ya daskare kamar kafaffen koko, mu shafa abin da za mu gwada, mu sa a akwatin ɗumi. Malaminmu kullum cewa yake ba su da tsadar riƙo: ruwa, ɗan abinci, ɗumi irin na jikin mutum, sai lokaci. Ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, kafin ka waiga sun cika gida.

Ana tsakiyar bazara na dawo daga makaranta da la'asar, na tarar da Baba kwance a ɗaki, ya fasa fita zaure. Idon da aka yi wa aiki ya kumbura, ya yi jawur, kwantsa ta manne gashin idon. Gwaggo na zaune a gefensa, tana tsoma auduga a murfin gora tana matsa masa a ciki.

Na ɗauki gorar na ɗaga ta wajen taga. Ruwan ya yi gurɓi-gurɓi, wasu zare-zare na yawo a ƙasa, ga wani tsami-tsami da ya bugi hancina.

"Gwaggo, me kika sa a ciki?"

"Zuma ta, 'yar kaɗan," in ji ta. "Waraka bisa waraka. Mi a' laihinta?"

Innalillahi! Zuma zalla ba abin da ke rayuwa a cikinta, don ba ta da ruwan da za su sha. Amma ka tsarma ta da ruwan randa, ka aje a ƙarƙashin kwanon rufi a zafin Sakkwato, ai ka yi musu walima ne. Ga shi ana ɗiga su a ido mai sabon ɗinki.

Na ce a daina, yanzun nan, a tafi asibiti. Gwaggo ta miƙe tsaye.

"Ke ɗiyag ga! Ruwan Makka za ki ce ma ƙazanta? Bokon naki nan yak kawo ki?"

Wallahi na ji tsoro. A gidan malamai, wa ya isa ya ɗaga murya a kan zamzam? Amma tsoron idon ya fi. Na durƙusa na ce, "Baba, ba zamzam nake zargi ba. Abin da aka ƙara masa ne."

Ya juya wajen Gwaggo ya ce, "Yaya, wanda nik kawo ya ƙare tun tana rarrahe. Wanga ruwan randarmu na. Ku kira mai keke."

Likita ya duba, fuskarsa ta canja, ya yi faɗa, aka yi wa Baba allura a cikin idon kansa. Ya ce sai dai a jira a gani. Jiran nan ne ya kusa kashe ni. Na ɗebi ruwan gorar na kai ɗakin gwaji, ina roƙon Allah Ya sa ni ce na yi kuskure, in sha zagin Gwaggo in huta. Washegari na buɗe akwatin ɗumi, farantin ya cika maƙil da ɗigo-ɗigo, farare da rawaya, ko wurin sa tsinke babu. Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Kumburin ya sauka a hankali. Ranar da aka sallame shi, muna shiga gida ya ce a ɗauko masa littafin da yake karantarwa. Gwaggo ta raɓe a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa. Ya buɗe, ya matso da shi kusa da fuska, ya juya wajen haske, ya ƙara matsowa har takardar ta taɓa hancinsa.

Sai ya miƙo mini littafin, ya ce, "Zamna nan kusa. Karanta min, in kin yi kure in gyara miki."