Keken Baba da Jakin Mai Itace

A gidanmu na haya da ke Kinkinau, in an idar da sallar magariba lokacin damina, mu yara madafa muke cika. Kaka, mahaifiyar babanmu, takan zauna bakin murhu tana juya masara a kan garwashi, mu kuma muna faɗa a kan wa zai samu ta farko. Bakatsiniya ce mai kaifin baki, ba ta fara tatsuniya sai an roƙe ta. "Ku matso, ga wata ta iso ƙofa," in ji ta, mu ce ta shigo mu ji.

Baba masinja ne a wata ma'aikatar gwamnati, kuma da kekensa aka ɗauke shi aiki. Shi ke rarraba wasiƙu ofis ofis, fayil ɗaure a kariyar bayan keken. Yana da wata sarƙa mai kauri da kwaɗo, ko shago zai shiga sayen sabulu sai ya zura ta cikin taya ya ɗaure da turken lantarki. Har tsokanarsa ake yi a unguwa, wai ko liman ba ya yarda da shi a kan keken nan.

Wata Asabar ya tafi Rigasa ta'aziyyar wani abokin aikinsa. Ya fito da sarƙar, sai ya ga dattawa zaune a tabarma suna kallonsa, ga 'ya'yan mamaci. Ɗaure keke a ƙofar gidan makoki kamar ka ce akwai ɓarawo cikin masu zaman ne. Kunya ta kama shi, ya mayar da sarƙar, ya jingine keken a bango. Aka shafa fatiha ya waiwaya, babu keke.

Mako biyu yana yawo. Ya kai rahoto wurin 'yan sanda, ya bi masu gyaran keke ɗaya bayan ɗaya, ya duba wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. A ofis aka ce masa wasiƙa ba ta jira, in wata ya ƙare bai samu abin hawa ba za a nemi wani. Sai ya riƙa rabon da ƙafa. Yakan dawo ƙafafu a kumbure, ya zauna a ƙofar ɗaki, taku kaɗan daga madafa. Tausayinsa ya riƙa cina, amma ina 'yar shekara tara, me zan yi?

Kaka kuwa ko sannu ba ta ce masa ba. Baba ɗanta ne na fari, a al'adarsu ba ta kama sunansa, ba ta hira da shi, sai dai ta ce "mai gidan nan". Na ji haushinta ƙwarai a kwanakin.

Wani yammaci, ba wanda ya roƙe ta, ta fara da kanta. Ta ce an yi wani mai sayar da itace, jaki ɗaya ne dukiyarsa. Ko ruwa zai sha sai ya yi wa jakin dabaibayi. Ran nan ya je gaisuwar mutuwa, ya zaro igiya, ya dubi fuskokin mutane, ya mayar da ita aljihu. Da ya fito jaki ya tafi. Ya tambayi kurciya, ta ce ta ga wanda ya ja shi, amma wa zai karɓi shaidar tsuntsu? Ya tambayi rijiya, ta ce an shayar da jakin a bakinta, amma ba ta iya tashi ta nuna hanya. Ya bi sawu har sawun ya shiga kasuwa ya ɓace. Sai ya koma ɗaukar itacen a ka.

Ta ci gaba da juya masara.

"Kaka, sai me?" in ji ni.

"Sai mi kuwa? Ta ƙare. Ku kauce, hayaƙi na shiga mani ido."

"Ɓarawon fa?"

"Shina can shina cin tuwonshi."

Yayana Sani ya ce ai mutumin nan wawa ne, ga igiya a aljihu. Nan Kaka ta ɗaga murya, abin da ba ta saba yi ba.

"Kul! Kada in ƙara jin ka ce mashi wawa. Uwar da ta haife shi ita ta koya mashi jin kunyar mutane, tun shina goye. In akwai laifi, nata ne, shi ba shi da ko ɗaya."

Muka kwashe da dariya don mun ga ta fusata a kan mai jakin ƙarya. Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne ka ɗaure kayanka ko a ina kake, kuma haka nake gaya wa 'ya'yana yanzu in za su fita da kekensu. Sai da na girma na gane ba da mu take magana ba ranar. Mu dai ta tara ne don ta samu hanyar da muryarta za ta kai ƙofar ɗaki. Iyakar abin da take da shi ke nan, kuma bai dawo da keke ba.

Wata ya ƙare, Baba ya shigo da takardar sallama a ninke cikin hularsa. Muka taru a madafa kamar kullum, ba wanda ya nemi tatsuniya. Kaka ta ɗumama ruwa, ta zuba gishiri, ta ɗauki kwanon da hannunta har tsakar gida. Can ta tsaya, ta daɗe a tsaye tana kallon ƙafafunsa. Sannan ta juyo ta miƙo mini.

"Kai wa mai gidan nan," in ji ta. "Ki ce ke kika dafa."