Muryar da ke Ƙetare Katanga

Baba Eriya ya yi shekara da shekaru yana gyaran rediyo a bakin kasuwa, har idonsa ya gaji da ƙananan wayoyi ya rufe shago. Abin da ya rage masa shi ne rediyon aika magana da ke ɗakinsa, da doguwar eriya a kan rufi wadda ta jawo masa wannan suna. Da ita yake hira da tsofaffi irinsa na nesa, waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba. Tun rasuwar matarsa su ke ɗebe masa kewa.

Sai dai da zarar ya danna makirufo, muryarsa kan faɗa cikin lasifikar maƙwabciyarsa mai ɗinki, tana tsakiyar jin waƙa. Ta kai ƙara. Mai gidan haya kuwa ba ya son dogon zance, ya ce ko a gyara ko eriya ta sauka. Hankalin Baba ya tashi ƙwarai.

Magani dai ya san shi: zoben ferayit, baƙin zoben nan da ake naɗa waya a jikinsa ya shaƙe kutsen. Ya nufi masu tsofaffin kayan lantarki. Da farko ya kwaso masu ruwan ɗorawa don sun fi cika ido, ashe na garin ƙarfe ne ba ferayit ba, ba su tsinana komai ba. Ya koma ya yi ta fasa ƙullutun da ke jikin wayoyin tsofaffin kwamfutoci har ya dace da na gaske. Ya naɗe wayoyinsa kaf, murya ba ta fasa ƙetare katanga ba. Tsoho da taurin kai sai Allah! Sarai ya san a wayar lasifikarta zoben zai zauna, shiga gidan wadda ta kai ƙararsa ne ba ya so.

Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wata safiya ya yi sallama, ta nuna masa lasifikar ba ta ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. Ya naɗa, ya koma ɗakinsa ya gwada, ya dawo ya tambaye ta. Ta ce ko tarinsa ba ta ji ba. Har ya juya, sai ta tsayar da keken.

"Baba, abokin nan naka da aka yi wa aiki a ƙafa, ya tashi kuwa? Ni bakinka kaɗai nake ji."

"Ya fara takawa, 'yata. Jibi zai kira, ki shigo ki ji daga bakinsa."

Ta ce to, a tanadar mata kujera.